Hausar Umdurman: Gida Ɗaya, Kaya Daban

Mai karatu, a shekarar 2018 ne Allah ya nufe mu da ziyartar Hartum da Umdurman, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, mu malaman makaranta, shi ne Hausar 'yan'uwanmu da ake kira Fallata ko Takari.

Asalinsu alhazan ƙafa ne da suka yada zango, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Wasu kuma noman auduga na Jazira, wanda aka buɗe a 1925, shi ya zaunar da su.

A kasuwar Umdurman mun zauna wurin masu agashe, wato tsiren da duk Sudan ta san Hausawa da shi. Gaisuwa iri ɗaya ce da tamu, haka ginin jimla. Bambancin yana wajen kalmomin aro. Mu mun ara daga Ingilishi, su daga Larabcin Sudan. Inda muke cewa mota, sai su ce arabiya. Asibiti mustashfa ne, tebur kuwa tarabeza. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya rubuta littafi a kan haka a 1999.

To, a can tsibiran Miyako na ƙasar Japan akwai harshen da ya daɗe da rabuwa da Japananci, har ba sa fahimtar juna. Fure "pana" ne a wurinsu, Bajapane kuwa "hana" yake cewa. A 2009 hukumar UNESCO ta sa shi cikin harsunan da ake fargabar ɓacewarsu. Hausar Sudan ba ta yi nisa haka ba, don mun sha hira ba tafinta. Amma mun ga samari da iyayensu ke yi musu Hausa, su amsa da Larabci, kuma kaɗan ne suke karanta rubutun boko.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa unguwanni da dama, harshe kuwa a cikin unguwa yake rayuwa. Saboda haka muna kira ga malamai su naɗi muryoyin dattawan nan tun da sauran lokaci. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, amin.