Komawa bariki

Shekara huɗu da tuɓe kaki, amma ƴan fadar unguwarsu a Birnin Damagaram ba su daina kiransa Soja ba. Wasu da girmamawa suke faɗa, wasu kuwa da wata lanƙwasar murya wadda shi kaɗai ya san abin da ke cikinta. Takardar da aka sallame shi da ita tana akwatin Inna, an naɗe ta a leda tare da takardar gida. Kalma ɗaya ce a cikinta ta tsaya masa a rai: reforme. Da wannan kalma ta Faransanci gwamnati ke fitar da tsohuwar motar aiki idan gyara ya gagara, a sa ta a gwanjo. Da ita kuma ake sallamar sojan da likita ya ce jikinsa ko hankalinsa ba zai ƙara ɗaukar aiki ba. Ya san ma'anonin biyu, ya kuma san wadda mutane suka fi riƙewa.

A 2013 ya shiga soja. Bayan horo a Tondibiya, kusa da Yamai, aka ba shi tuƙi, domin tun yana yaro a gareji ya tashi. Da Boko Haram suka tsallako kogin Komadugu suka kai hari Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, yana cikin waɗanda aka tura gabas. Ran 3 ga Yunin 2016, da aka afka wa sansanin Bosso, yana nan. Sojoji fiye da ashirin suka kwanta dama, dubban mutane suka watse daga garin, shi kuwa ya fita ko ƙwarzane babu. A bayan motarsa ya ɗauko abokin kwanansa da rai. Ya sauke shi babu rai. Iyakar abin da ya taɓa gaya wa kowa game da ranar ke nan.

Ciwon bai zo nan take ba. Sai da wata uku suka wuce barci ya ƙaurace masa. In ya runtsa, yana kan sitiyari, hanya ba ta ƙarewa. Ƙarar babura da yawa a lokaci guda takan sa gumi ya karyo masa, domin a kan babura maharan ke zuwa, shi ya sa ma aka hana hawansu a jihar Diffa a 2015. Wata rana da tsakar dare, yana gadi, ya ɗana bindiga ya auna wani kurtu da ya fito kama ruwa. Allah ya kiyaye bai harba ba. Washegari aka karɓe makaminsa, aka kai shi gaban likita, a 2017 kuma aka miƙa masa takarda: sallama ta wucin gadi, da damar a sake duba shi.

A gida kowa da sunan da ya raɗa wa abin. Inna ta ce iska ce ta bakin tafki, aka yi rubutu da ruƙiyya. Kawunsa ya ce sammu ne na masu baƙin cikin albashinsa. Ƴan unguwa suka taƙaita, suka ce ya taɓu. Hausa tana da hauka, tana da taɓin hankali, tana da firgita da razana, amma ba ta ware suna guda ga mutumin da ya san kansa, ya san ranar mako, yana sallarsa, yana lissafin kuɗinsa daidai, sai dai jikinsa ya ƙi yarda cewa yaƙin ya wuce. Su kansu likitocin Amurka sai a 1980 suka shigar da wannan ciwo cikin kundinsu da sunansa na kansa, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Rashin sunan ba ƙaramar illa ba ce. Wanda aka jefa cikin kwandon hauka ba a tambayarsa yaushe zai warke, domin a ganin jama'a wannan kwando ba shi da mafita. Gidan da ya kai kuɗin neman aure ma sun mayar masa da abinsa, cikin ladabi, ba tare da faɗin dalili ba.

Sauƙi ya zo a hankali. Ya riƙe maganin da likita ya rubuta, yana zuwa bizit duk wata, bai kuma bar rubutun Inna ba, don a zauna lafiya. Ya koma garejin da ya tashi. Yakan ce rabin motocin da ke shigowa wurinsu reforme ne, ga su nan suna zuwa Agadas suna dawowa. Ana dariya, shi kuwa ba wasa yake ba.

Ran 10 ga Disamban 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates. Ya ji sunayen biyu daga cikin waɗanda suka yi horo tare. Kwana uku bai je gareji ba, Inna ta ɗauka ciwon ne ya dawo. A rana ta huɗu ya ce mata yana son komawa. Da gwamnati ta ba da sanarwa a ƙarshen 2020 cewa za a ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar, sai ya ga kamar da shi ake magana.

"Kai yaron nan, abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai," in ji Inna. "Sun karɓe ka lafiyayye, sun maido mini kai kana kwana a zaune. Me ka manta a can?"

"Inna, a nan kowa tausayina yake ji. A can ne kawai aka san abin da na iya."

Ba ta amsa ba. Daga ranar dai takalmansa na soja suka ɓace daga bayan ƙofa.

Maganar gaskiya, kowane ɓangare yana da hujja. Rundunar da ta yi ɗari-ɗari da mayar da irinsa ba mugunta take yi ba: bindiga ce za a damƙa masa, kuma kurtun nan da ya fito kama ruwa shi ma ɗan wata ne. Ciwon yana iya lafawa shekaru, wari ɗaya ko ƙara ɗaya ya tayar da shi. Amma rufe ƙofar gaba ɗaya yana da nasa farashin, kuma a bariki ake biyansa. Duk sojan da ya ga yadda aka yi da wanda ya bayyana ciwonsa, ya koyi yin shiru. Masu shirun nan suna nan kan gadi da makamansu, ba magani, ba bizit, wasunsu sai ƙwaya. Wanda ya je gaban likita ya yi shekaru yana jinya ya fi su sanin kansa, amma shi ne a waje.

Kafin ya tafi Yamai ya biya wurin tsohon sarjansa, wanda ya yi ritaya yana sayar da katako. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya cika masa kofin shayi, sa'an nan ya sassauta murya.

"In sun tambaye ka barci, ka ce kamar jariri. Magani kuwa ka ce ka bari tun bara. Kowa haka yake yi."

"Shef, in na shiga da ƙarya, ranar da abin ya taso wa zan gaya wa?"

"To, ka zauna gareji ke nan."

Da wannan maganar ya kwana cikin motar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Har aka wuce Dogonduci bai yanke abin da zai faɗa ba.

Likitoci uku ne a ɗakin, dosiyensa a buɗe gabansu. Aka auna jini da ido, aka sa ya ba da labarin Bosso, ya bayar har ƙarshe muryarsa ba ta karye ba, abin da bai taɓa yi ba. Sai babban cikinsu, mai furfura, ya ɗago kai ya tambaye shi barci.

"Ranka ya daɗe, ina yi. Amma a watan jiya sau biyu na farka ina neman sitiyari. Maganin ma ina sha, rabin ƙwaya da dare."

Likitan ya daɗe yana rubutu. Ya ce masa a yanzu ba za su sa hannu ba. Ya ci gaba da bizit, a gwada janye maganin a hankali, ya dawo bayan wata shida. Ya ƙara da cewa ko an mayar da shi, kada ya sa rai da bakin daga, sai dai garejin bariki, kuma wannan ɗin ma ba alkawari ba ne.

Ya iso Damagaram da asuba. Inna tana kan tabarmar salla, ta dubi hannunsa ta ga takarda ce kawai, ba kaki, ta ce sannu da hanya, ta tashi dama masa koko. Ya ɗauki alƙalami ya ƙirga wata shida a kalandar bango, ya zagaye ranar. Sa'an nan ya sa rigarsa mai baƙin mai, domin akwai wata Toyota da ya bari a buɗe tun ranar Laraba.