Yadda keken Baba ya koma kwana a tsaye

1/ Ƙarfe biyun dare keke ya faɗo daga bango, ya kifar mana da tukunyar miya, saura ƙiris abokin ɗakina ya tattara nasa ya nasa. Yau wata bakwai ke nan keken yana rataye lafiya lau. Masu zaman ɗakin haya, ku matso kusa, zare ne. 🧵

2/ Kun dai san abin da ya faru tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai. Kuɗin acaɓa da na Keke Napep suka yi sama, kuɗin da ake turo min daga gida kuma suna nan inda suke. Sai ka zauna kana lissafi: lakca ko abincin rana?

3/ Da na je hutu na yi wa Baba ƙorafi. Bai ce komai ba. Ranar da zan dawo Samaru ya turo tsohon Phoenix ɗinsa, wanda ya yi shekaru yana zuwa koyarwa da shi. Ya ce, "Ga shi nan. Amma kada ya kwana a waje." Magana ɗaya tak, amma amana ce.

4/ Kuma Baba ya yi gaskiya. A satina na biyu aka ɗauke keken wani maƙwabcinmu a tsakar gida, har da kwaɗon da ya kulle shi. Tun ranar nawa ya koma kwana a ɗaki. To a nan rigima ta fara.

5/ Ɗakin ƙafa 10 ne da 12, mu biyu. Katifa biyu, risho, bokitai, jakunkuna, teburin karatu. Keke kuwa tsawonsa ya kusa ƙafa 6, wato rabin bango guda ya cinye. Wurin shimfiɗa dadduma ma sai an ture shi. Feda kullum tana sarar ƙaurin mutumina in ya tashi da asuba.

6/ Wata rana ya ce, "Malam, ni fa da kai na raba kuɗin haya, ba da kekenka ba." Dariya na yi, amma wallahi ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Na shiga YouTube na ga yadda ake rataye keke a tsaye, tayar gaba a sama. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne.

7/ Na samo ƙusa inci 6 na buga a bango, na lanƙwasa ta, na ɗora. Kwana uku ina taƙama. Daren na huɗu sai ji muka yi rim! Ƙusar ta fito da ɓallin filasta. Keken ya sauka taƙi ɗaya da kwamfutar abokina, wadda duk aikin furojet ɗinsa ke ciki. Kwana biyu ko gaisuwata bai amsa ba.

8/ Wani magini a layinmu ne ya fahimtar da ni. Ya ƙwanƙwasa bangon ya ce, "Yaro, ji ƙarar. Bulo ne mai rami, ƙusarka iska ta kama." Ga keken ƙarfe ne zalla, ya kusa kilo 20, kuma duk ɗorawa da saukewa ƙara faɗaɗa ramin nake yi.

9/ Ya nuna min linta, simintin nan da aka zuba da rodi a saman ƙofa da taga. A gidanmu ta zagaye ɗakin gaba ɗaya, wajen ƙafa 7 daga ƙasa. Ya ce nan ne mai riƙo. Kafin komai na nemi izinin mai gida, da alkawarin zan cike ramukan ranar da zan tashi. Ku ma ku tambaya, kada keke ya jawo muku notis.

10/ Mai walda ya lanƙwasa min guntun rodi ya zama ƙugiya, ya like shi a jikin faffaɗan ƙarfe mai huda biyu. Aka huda lintar da inji, aka ɗaure da notin nan da ke buɗewa a cikin siminti in an matse shi. Na naɗe ƙugiyar da robar tsohon tib don kada ta kankare wili.

11/ Ɗorawa ma dabara ce, ba ƙarfi ba. Matse birkin baya, ja kan keken ya miƙe a kan tayar baya, saki birki ka gangara da shi zuwa bango, sannan ka tallafi sirdi da gwiwa ka ɗaga. Ƙugiya ta shiga tsakanin wayoyin tayar, nesa da bawul.

12/ Masu cewa wili zai lanƙwashe: wilin da ke ɗaukar ƙato kamata har da buhu a kariya, nauyin keken kaɗai ba zai dame shi ba. Abin da zai dame ka shi ne datti. Na manna kwali inda tayoyi ke taɓa bango, da damina kuma sai na goge laka tukuna.

13/ Kada in yi muku ƙarya, keken bai ɓace ba. Yana turowa cikin ɗaki wajen ƙafa 3 da rabi. Amma a maimakon ƙafa 6 na bango, ƙafa 2 kawai yake ci yanzu. Shi ya sa na zaɓi lungun bayan teburi, inda dama ba mai bi.

14/ Yanzu dadduma biyu na shiga, har jam'i muke yi in ruwa ya hana fita. Mutumina da ya yi fushi, shi ne mai aron keken zuwa kasuwa duk Asabar. Sharaɗina ɗaya, irin na Baba.

15/ Jiya Baba ya kira, bayan gaisuwa ya ce, "Ina kekena yake kwana?" Na ce, "A ɗaki, Baba, a tsaye ma." Ya yi shiru, can ya ce, "To madalla. Ka dinga sa wa sarƙar mai."

In za ka gwada, ƙwanƙwasa bangonka tukuna. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lakca.