Kuɗin Jinyar Ɗana

Akwai wata magana da mu Hausawa mazauna Ingila ba mu cika son a tayar ba, wato kuɗin da gwamnati ke bai wa uwar da ta zauna a gida tana jinyar ɗanta. Kunya ce ke rufe mana baki, sai mu ga kamar bara ce, ko kamar mutum ya sa wa ɗansa farashi. Ni dai na karɓa, har da ariyas, kuma ina so ku ji yadda abin yake.

Mun iso ƙasar nan a 2020 da bizar aikin maigidana. Ɗana na fari, wanda alkunya ba za ta bari in faɗi sunansa ba, yana da sikila. A 2021, yana ɗan shekara huɗu, ciwon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga ranar rayuwata ta koma wanka, ciyarwa, ɗauka da saukewa, magani a kan lokaci, gashin ƙashi, da zuwa asibiti ƙarin jini kusan duk wata. Da dare kuwa ba na haɗa awa uku ina barci. Ɗan aikin da nake yi a wani shago dole na ajiye shi.

Bizarmu na ɗauke da sharaɗin cewa ba mu da haƙƙi a kuɗin tallafin gwamnati. Wanda ya karɓa alhali da sharaɗin a kansa, zamansa ma zai iya shiga matsala. Haka muka yi shekara huɗu da albashi ɗaya, sai a 2025 da muka sami takardar zama ta dindindin ƙofar ta buɗe.

Tallafin iri biyu ne, kuma ɗaya na rataye da ɗaya. Na farko sunansa DLA, na yaron ne, ana bai wa ɗan ƙasa da shekara 16 wanda kulawar da yake buƙata ta fi ta tsararrakinsa sosai. Na biyu shi ne Carer's Allowance, na mai jinya ne, wanda ke yin aƙalla awa 35 a mako yana kula da yaron, muddin an ba yaron matakin tsakiya ko na sama a ɓangaren kulawa na DLA. Daga Afrilun 2025 zuwa Afrilun 2026, fam 83.30 ne a mako.

To ina batun ariyas? A nan ne rana take da muhimmanci fiye da komai. DLA ba ya waiwayen baya. Ranar da ka buga waya ka nemi fom, daga ita lissafi yake farawa, in har ka mayar da fom ɗin cikin mako shida. Shi kuwa kuɗin mai jinya, wata uku kacal ake komawa baya, sai dai in ka nema cikin wata uku da fitowar hukuncin DLA, to za a koma da kai har ranar da na yaron ya fara. Kuma da hannunka za ka rubuta ranar da kake so a fara lissafi.

Na buga waya a watan Mayu. Cika fom ɗin nan, wallahi, ya fi mini tashin dare ciwo. Mu da aka yi wa tarbiyyar cewa "da sauƙi" ko da mutum na gargara, ga takarda tana tambaya sau nawa yake tashi da dare, minti nawa wankansa yake ci, me tsararrakinsa ke yi wanda shi ba ya iyawa. Wata ma'aikaciyar Citizens Advice ce ta zauna da ni muka bi shi shafi bayan shafi. Na yi mako biyu ina rubuta komai a littafi, na haɗa da takardun likitoci.

Da hukunci ya fito aka ba shi matakin sama, ban bari makon ya fita ba na tura nawa. Ariyas ɗin mako 20 aka biya ni, fam 1,666. Na zauna na ƙirga makonnin da na yi ina jinya kafin nan, sun haura 200. Doka ba ta san da su ba, ba kuma za ta taɓa biyan su ba.

Da na gaya wa Hajiyata a waya, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ke yanzu ɗan da kika haifa da cikinki sai an biya ki za ki duba shi?" Na ce, "Hajiya, da ina gida, ga ki, ga Yaya, ga su Goggo, wannan ta ɗauka wannan ta sauke. A nan ni kaɗai ce, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin nan daga harajin da ake cirewa a albashin irin su babansa ne." Sai ta ce, "To Allah Ya sa albarka, ki sai masa abin ɗumi, na ji sanyinku ba kyau." Gaskiyarta, sanyi na tayar da ciwon sikila, kuma kusan rabin kuɗin a ɗumama gida ya tafi.

Amma a yi hattara. Mai karɓar kuɗin jinya yana da iyakar abin da zai samu a wurin aiki, fam 196 a mako a waccan shekarar, kuma duk makon da ya haura ko da fam ɗaya ne, kuɗin makon gaba ɗaya ya faɗi. A 2024 jaridun ƙasar nan sun yi ta kawo labarin masu jinya da aka nemi su mayar da dubban fam saboda haka. Mai karɓar Universal Credit kuma, ana rage masa daidai abin da aka ba shi, har a ariyas ɗin. Wanda aka hana yana da wata ɗaya ya nemi a sake dubawa, daga nan sai kotun ɗaukaka ƙara, in ya yi nasara a biya shi tun daga ranar farko.

In kika raba fam 83.30 da awa 35, bai kai fam biyu da rabi a awa ba. Ba albashi ba ne, babu kuma wanda zai iya biyan uwa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne duk makon da aka biya ni ana rubuta mini shi a lissafin fansho, wato an yarda cewa zaman da nake yi a gida aiki ne.

'Yar uwa, in kina da irin wannan yaro kuma takardunki sun ba ki dama, kada ki jira sai kin shirya, ko sai kunya ta sake ki. Buga wayar yau, ki rubuta ranar a bango. Duk makon da ya wuce kafin wayar nan, ya wuce ke nan. Allah Ya ba yaranmu lafiya.