Yadda Sabuwar Kwamfaila Ta Wanke Malam Mai Sikeli

A bayan garin Kano akwai wata masana'antar casar shinkafa da na yi shekaru ina zirga-zirga zuwa cikinta. Daga bakin ƙofa akwai ɗan ɗaki mai taga ɗaya, tagar tana kallon sikelin auna manyan motoci. A cikin ɗakin akwai kwamfuta da firinta da wani dattijo da kowa ke kira Malam mai sikeli. Ni kuwa ma'aikaci ne a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja, kuma ni aka ɗora wa kula da manhajar da ke cikin wannan kwamfutar.

Aikin ba wuya a fahimce shi. Tirela ta zo da shinkafa shanshera daga Kura ko Haɗeja, ta hau sikeli da kayanta, a ɗauki nauyi. Ta shiga ta sauke, ta dawo ta hau fanko, a sake ɗauka. Manhaja ta cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne nauyin shinkafa, kuma a kansa ake biyan mai kaya. Idan mota ta hau da tan 30, ta dawo da tan 12, to tan 18 za a rubuta a rasit. Gumin manomi da jarin dillali duk suna rataye a wannan lissafin.

Tsawon shekaru akwai ƙorafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Jefi-jefi, musamman lokacin kaka da motoci ke yin layi har bakin titi, direba zai karɓi rasit ya ce wannan ba nauyin motarsa ba ne. Direba ya san nauyin motarsa fanko kamar yadda ya san sunansa. Sai hayaniya ta tashi, a kira manaja, a sake hawa da motar, a ga lallai direba ne da gaskiya. An kira masu gyaran sikeli sun duba, sun ce ƙarfe lafiya lau. An kira ni, na gwada manhaja sau da yawa, lissafinta na fita daidai. Da aka rasa wanda za a kama, sai idanu suka koma kan Malam. Ba wanda ya fito fili ya ce masa mai tauye mudu, amma an daina bar masa makullin ɗakin, an kuma ajiye wani yaro a gefensa wai mai taya shi aiki. Wata rana bayan La'asar ya ce da ni: "Injiniya, ni da na san abin da Suratul Muɗaffifina ta ce game da masu tauye awo, in ci haƙƙin manomi a kan me?" Na ce masa, "Baba, Allah zai bayyana gaskiya." Ban san cewa gaskiyar tana cikin rubutun hannuna ba.

Sai na ɗan yi bayani ga wanda ba sana'arsa ba. Mu masu rubuta manhaja muna rubutu ne da harsunan da ɗan Adam zai iya karantawa. Tamu da harshen C aka rubuta ta. Ita kuwa kwamfuta ba ta jin wannan harshe, sai an sami tafinta ya juya mata shi zuwa lambobin da take ganewa. Wannan tafinta shi ake kira kwamfaila. Wadda muke amfani da ita sunanta GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kuma kyauta ce ga kowa. Kusan kowace shekara ana fitar da sabon zubinta. Mu dai a lokacin muna kan zubi na 4.8.5, na shekarar 2015, wanda ya zo tare da tsarin CentOS 7 da ke kan kwamfutar.

Sau biyu ina kawo wa ogana shawarar mu ɗaga zuwa sabon zubi, sau biyu yana hanawa. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Yakan ce, "Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ke aiki, me ya kai ka taɓa shi? Alhaji mai masana'anta ba zai biya mu kuɗin canjin da ba zai gani da idonsa ba. In kuma sikeli ya tsaya rana ɗaya, kai za ka tari direbobi?" Ba ni da amsa a lokacin, domin ni kaina abin da nake hange a sabon zubi bai wuce sauri da burgewa ba.

Abin da ya tilasta mu shi ne ƙarewar wa'adin CentOS 7 a ranar 30 ga Yuni, 2024. Daga wannan rana babu sauran gyaran tsaro da zai zo masa, ga shi kwamfutar tana haɗe da intanet tana aika lissafin yini zuwa ofishin Alhaji. Muka yanke shawarar komawa Rocky Linux 9, wanda ke zuwa da GCC zubi na 11. Muka zaɓi tsakiyar damina, lokacin da shinkafar rani ta ƙare, ta kaka ba ta iso ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba zan manta daren da na fara gwadawa ba. Ana ruwa, an ɗauke wuta, janareta na ruri a bayan ofis. Na ba sabuwar kwamfaila rubutun da tsohuwar ta yi shekara da shekaru tana karɓa ba musu, sai ga gargaɗi na zuba kamar ƙanƙara. A ƙarshe aikin ya tsaya cik, da saƙon cewa an bayyana abu ɗaya a wuri fiye da ɗaya. Na kira oga a waya. Ya ce, "Wannan sananne ne. Ƙara mata -fcommon, za ta koma halin tsohuwa. Ka sa mu wuce wurin."

Gaskiya ya faɗa. Tun daga zubi na 10, wanda ya fito a watan Mayun 2020, masu GCC suka sauya wata tsohuwar al'ada. A manhaja akwai gurabe da ake ajiye lambobi, kowane da sunansa, kamar randuna a tsakar gida. A da, idan fayil biyu suka ambaci gurbi mai suna ɗaya a fili, ba tare da an zuba masa komai a farko ba, sai a haɗe su su zama gurbi ɗaya, shiru, ba a gaya wa kowa ba. Sabon zubi ya daina wannan kawaici. In ya ga suna ɗaya a wuri biyu, aiki ba zai kammalu ba sai ka fayyace nufinka. Kalma ɗaya da oga ya faɗa za ta mayar da tsohuwar al'adar, in tafi gida in kwanta.

Har na rubuta kalmar, sai na ce bari dai in duba sunayen da ake kuka da su. Yawancinsu sakaci ne marar illa, gurbi ɗaya ne da gaske da aka ambata a wurare da yawa. Amma akwai ɗaya da ya sa na gyara zama. Sunansa fanko. A fayil ɗin awo, wanda oga ya rubuta tun farko, nan ake ajiye nauyin motar da ke kan sikeli bayan ta sauke kaya. Sai ga wani fanko a fayil ɗin sake buga tsohon rasit. Wannan ni na rubuta shi, lokacin da aka roƙe mu hanyar fitar da kwafi ga wanda nasa ya ɓace. Na zaɓi sunan ne domin haka kowa ke cewa a harabar, kuma na ɗauka randata daban, ta oga daban. Ashe tsohuwar kwamfaila ta mayar da su randa ɗaya.

Nan take komai ya warware a kaina. Mota ta hau fanko, Malam ya ɗauki nauyi. Kafin direba ya sauko ya zagayo taga, wani ya leƙo ya ce, "Malam, taimaka mini da kwafin rasit ɗina na shekaranjiya." Malam mutum ne da ba ya iya barin babba a tsaye, sai ya sallame shi tukuna. Da ya buga tsohon rasit, nauyin waccan tsohuwar motar ya zauna a gurbin wannan. Sabon rasit ya fito da fankon motar da ba ta ma harabar. Wani lokaci a cuci mai kaya, wani lokaci a cuci masana'anta. Ni kuwa duk gwajin da na yi, ban taɓa buga tsohon rasit a tsakiyar awo ba, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Na kunna tsohuwar manhaja na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kuskuren ya fito. Na maimaita, ya sake fitowa. Gyaransa kalma ɗaya ce, static, wadda ke killace gurbi a cikin fayil ɗinsa. Na daɗe a zaune ina kallon kalmar, ina tuna fuskar Malam a ranar da ya yi mini waccan tambaya.

Washegari na nuna wa oga. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tashi mu je wurin Alhaji." A gaban manaja na ce, "Ranka ya daɗe, sikelinka lafiya yake, Malam kuma bai taɓa cin kwabon kowa ba. Kuskuren daga rubutuna ne." Na gwada musu a kan kwamfutar ɗakin awo suka gani da idanunsu. Alhaji ya sa aka kira Malam, ya miƙa masa makulli da hannunsa, ya kuma ba da umarnin a bi tsofaffin rasit a biya duk wanda aka gano an tauye. Da na nemi gafarar Malam, sai ya ce, "Ɗana, na yafe. Ka ga wanda ya faɗi gaskiya a kan kansa ya fi wanda bai taɓa kuskure ba." Ya share ido da gefen rawaninsa, ya koma kujerarsa.

Sauran aikin bai zo da sauƙi ba. Na kwashe makonni ina bin gargaɗin nan ɗaya-ɗaya. Wani ya nuna inda ake cusa sunan direba a gurbin da bai kai tsawonsa ba, abin da tsohon zubi bai iya hangowa ba. Manhajar da ke magana da firinta sai da aka sake gina ta. Muka ajiye tsohuwar kwamfuta da sabuwa gefe da gefe, kowace mota a lissafa ta sau biyu, har muka gamsu. Saurin da na yi ta kwaɗayi kuwa, ba wanda ya lura da shi, domin cire 12 daga 30 ba ya wahalar da kowace na'ura. Kuɗin waɗannan makonni daga aljihun kamfaninmu ya fita.

Tun daga nan muka sauya hali. Duk shekara, a lokacin da aiki ya lafa, muna ba sabon zubi rubutunmu ya duba, ko da ba da shi za mu tafi wurin Alhaji ba. Zubi na 14, na shekarar 2024, ya daina yarda a kira aikin da ba a gabatar da shi ba tukuna a harshen C. Zubi na 15, na 2025, ya koma bin sabuwar ƙa'idar harshen C mai suna C23. Kowannensu ya tono mana ƙananan abubuwa, muka gyara cikin kwana ɗaya ko biyu, maimakon mu tara na shekara tara su faɗo mana a dare ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka idan matashi mai wannan sana'a ya tambaye ni ko ɗaga kwamfaila zuwa sabon zubi ya cancanci wahalarsa, amsata ita ce ya cancanta. Ka zaɓi lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ka riƙe tsohuwar a gefe har ka tabbatar da sabuwar, ka gwada da irin aikin da mutane ke yi da gaske a bakin taga. Mafi muhimmanci, idan sabuwar ta yi kuka, kada ka toshe mata baki kafin ka karanta abin da take faɗa. A bayan kowane layi da muke rubutawa akwai haƙƙin wani da mutuncin wani, kuma za a tambaye mu a kansu.