Mu Ma Muna da Lokacin Kallon Fure

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, domin in gaya wa 'yan'uwana masu karatu labarin wani abin sha'awa da ke ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram, wanda muke wucewa ta ƙarƙashinsa kowace shekara ba mu ɗaga kai ba.

A ƙasar Japan akwai wani itace da Turawa ke kira ceri, su kuwa mutanen ƙasar suna ce wa furensa sakura. Daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu yakan rufe da fure, fari mai sirkin ja, tun bai fid da ganye ba. Sai jama'a su fito, manya da yara, su yi shimfiɗa a gindinsa, su ci abinci suna kallo. Furen ba ya wuce mako ɗaya ko biyu, shi ya sa ake ɗokinsa. A Dutsen Yoshino kaɗai akwai itatuwan nan wajen 30,000. A shekarar 1912 birnin Tokiyo ya aika wa birnin Washinton na Amurka kyautar itatuwa 3,000 da 'yan kai, aka dasa su a bakin ruwa, ga shi har yau baƙi suna tafiya takanas don su gan su.

To, jama'a, ceri ba ya yi a ƙasarmu, gama sai ya sha sanyi mai tsanani kafin ya yi fure. Amma Allah bai bar mu haka ba. Itatuwanmu da yawa su ma sukan kaɗe ganye da hunturu, sa'an nan su yi fure a kan reshe tsirara. Lokacinmu yana farawa daga Disamba ya kai Afrilu, watau daga tsakiyar ɗari zuwa bazara, sa'ad da gonaki suka zama fili, ba abin da ke tare wa mutum gani.

Wanda ya taso daga Kano ta Wudil, in ya yi tafiyar wajen mil 80 ya iso Birnin Kudu. Shawarata ita ce ya fara da duwatsun garin, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen dā suka zana surar shanu a jikin dutse. Ya hau da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ya dubi karkara. In watan Janairu ne zai hango gurjiya tsaye ba ganye ko ɗaya, ta yi jajawur sai ka ce an rataya mata garwashi. Matan ƙauye sukan tsinci gindin furen su shanya, su yi miya mai yauƙi da shi.

Daga nan sai ya kama hanyar Gwaram, ya bi ta wajen Sara har Basirka, kusa da iyakar Bauci. A wannan hanya na fi samun abin kallo. Cikin Fabrairu da Maris ɗorawa takan saki jajayen furanninta, suna reto kamar tuntun hula. Da magariba jemagu ke sauka a kansu, da asuba kuma ƙudan zuma su karɓa, har mutum ya ji itacen yana amo tun daga nesa. Kaɗanya kuwa furenta fari ne, ba shi da girma, amma ƙanshinsa yakan riga mutum isa gona. Da zafi ya fara tsananta sai marga ta ɗauka, ta zubo da fure rawaya har ya kusa taɓa ƙasa.

Amma wanda ya fi kama da na Japan ɗin shi ne sansami, wanda waɗansu ke kira jiri. Ba babban itace ba ne, yakan kuwa tsaya shi kaɗai a gefen tsauni ko bakin gona. Na gan shi a tsaunukan wajen Fagam da Farin Dutse, ya rufe da fure fari mai sirkin ja, iska kuwa tana kaɗo shi ƙasa kamar yayyafi. Na tsaya na daɗe ina kallo, masu wucewa da jakuna suna mamakin abin da ya tsai da ni. Gani ya kori ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Itatuwan nan suna ƙarewa. Duk mai bin hanyoyin nan ya ga buhunan gawayi da kayan itace a jibge a bakin titi, ana jiran motocin birni. Da can manomi ba ya sare ɗorawa ko kaɗanya a gonarsa, domin ya san daga ɗorawa ake samun gari da kalwar daddawa da makuba, daga kaɗanya kuma man kaɗe. Yau kuwa kuɗin gawayi na rana ɗaya yana sa a kā da itacen da ya shekara 50 yana ciyad da gida. Maɗobiya, mai fure rawaya, an yi ta saranta a Afirka ta Yamma ana kai katakonta ƙasar Sin, har a shekarar 2017 dokar ƙasashen duniya ta ƙuntata cinikinta. Fure kuwa shi ne uwar 'ya'ya: in babu shi babu daddawa, babu zuma a amya.

Ba na zargin talaka mai neman abin da zai dafa tuwo. Roƙona uku ne. Na farko, hakimai da dagatai da masu unguwanni su hana saran itace mai 'ya'ya ɗanye, a bar wa masu neman makamashi busasshe. Na biyu, kowane manomi ya bar tsiron ɗorawa ko kaɗanya biyu ko uku a gonarsa, ya kewaye su da ƙaya don awaki. Na uku, malaman makaranta su fitad da yara yini ɗaya cikin Fabrairu, su nuna musu itatuwan nan da sunayensu, gama yaron da ya san sunan itace ba ya saurin ɗora masa gatari.

Mutanen Japan ba su sami abin alfaharinsu a banza ba, dasawa suka yi, suka kuma tsare. Ina fata masu karatu na Ningi da Dutse da Zariya su rubuto su gaya mana irin itatuwan da ke fure a wajensu, da watan da ya kamata baƙo ya zo.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani mai karatun jaridarka,
Birnin Kudu.