Damben Farko: Kada Kalangu Ya Yi Maka Tunani

A yankinmu na Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai, manomi ba ya rasa abin yi. Da damina ana fama da gero da dawa da gyaɗa, da rani kuma ruwan dam ɗin da aka gina tun ƙarshen shekarun 1970 yana bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da tumatir da albasa. Tsakanin biyun akwai 'yan makonnin kaka, an zuba amfani a rumbu, aljihu ya ɗan yi nauyi, jikin samari kuma ya murɗe saboda fartanya. A lokacin ne ake jin kalangu da yamma, a share fage a bayan kasuwa, 'yan dambe su zo daga garuruwan maƙwabta a sa zare.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne yadda nake ganin 'yan'uwa ɗalibai a ɗakunan kwana sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon damben Dambe Warriors a YouTube, ko na gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Gari. Da an yi kisa sai ka ji wani ya miƙe yana cewa, "Wallahi in ni ne, naushi ɗaya zan yi masa." Biyu daga cikinsu har sun ce mini da an gama jarrabawa za su shiga fage a garinsu. To, ni na taɓa shiga ina ɗan shekara 17, kuma abin da aka koya mini kafin ranar shi nake so in ba su, don wanda ke cikin waya da wanda ke kan ƙasa ba ɗaya ba ne.

Dambe tun asali sana'ar mahauta ce, kuma kawuna mahauci ne da ya yi zamaninsa a fage. Da na gaya masa niyyata bai hana ni ba, sai ya ce in je in nemi izinin Baba tukuna, sannan in dawo ya ga tsayuwata. Wannan shi ne mataki na farko: kada ka shiga ba ka da ubangida. Ka lura da sunayen 'yan dambe, ko na ɓangaren Arewa ne, ko Kudu, ko Guramada. Za ka ji Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Kowa a ƙarƙashin wani ya tashi. Ubangida shi ne zai ɗaura maka zare yadda ba zai kwance ba kuma ba zai tsayar maka da jini ba, shi ya san waye waye a fage, shi ne kuma zai shiga ya raba in ya ga idonka ya canja.

Wata biyu muka yi muna shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kullum bayan sallar asuba sai in yi gudu a kan hanyar dam, da yamma kuma Kawu ya tsayar da ni a tsakar gida. Abin mamaki, sati uku na farko ko naushi ɗaya bai bari na kai ba. Tsayuwa kawai. Ƙafa a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, haɓa a sunkuye. Hannun hagu, wato garkuwa, a miƙe gaba tafin a buɗe. Hannun dama da ake naɗe wa zare, wato mashi, a ja shi baya. Yakan zagaya ni da karan dawa yana taɓa mini fuska duk lokacin da garkuwa ta sauka. In na yi ƙorafin kafaɗa ta gaji sai ya ce, "Ɗan nan, duk wanda ka ga an kashe, garkuwarsa ce ta fara mutuwa."

Na biyu shi ne zaɓen abokin karawa, kuma a nan ake cin rabin damben. A damben zamani na masu tasowa, irin wanda Nojim Maiyegun ya ciwo wa Najeriya lambar tagulla da shi a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, ana auna nauyin kowa a sikeli, likita ya duba shi, a yi turmi uku na minti uku-uku da hutun minti ɗaya a tsakani. A fagen ƙauye babu sikeli, babu likita, babu agogo. Abin da doka take yi wa ɗan damben zamani, kai da ubangidanka za ku yi wa kanku da ido. Ka nemi sa'anka a tsawo da nauyi, wanda shi ma bai daɗe da farawa ba. Idan wanda ya fi ka ya tako ya nuna ka da mashinsa, ka yi murmushi ka girgiza kai. Ba abin kunya ba ne, manyan ma suna ƙin junansu in ranar ba ta yi musu ba. Ka kuma kula da bahago. Naushin na-dama yana zuwa ne ta ɓangaren garkuwarka, shi kuwa bahago nasa ta ɗaya ɓangaren yake shigowa, inda babu abin da ya tare. Sabon shiga ya bar bahago sai wata shekara.

Na uku shi ne wanda na sa a kan wannan rubutu. Ranar da na shiga, abin da ya fi ba ni tsoro ba yaron da ke gabana ba ne. Da makaɗi ya matso ya kama sunan gidanmu, ya ambaci kakana, jama'a suka ɗauki ihu, sai na ji jikina yana rawa kamar a ce in ruga in gama da shi yanzun nan. Aikin kiɗan ke nan. Duk wanda ya taɓa sauraren yadda marigayi Ɗan Anace yake zuga Shago ya san waƙar dambe tana iya sa gurgu ya nemi tashi. Amma Shago ya san abin da zai yi da wannan zafin, sabon shiga kuwa bai sani ba. Makaɗi da 'yan kallo kisa suke so su gani, ba ruwansu da wanda ya faɗi. Kawu ya riga ya gaya mini cewa in na ji an kira sunana in ja numfashi sau uku, in sa ido a kafaɗar abokin karawata ta dama, don daga nan naushi ke tasowa kafin hannu ya motsa.

Haka na yi. Turmin farko ban kai naushi ko ɗaya da niyyar kisa ba. Na riƙa zagayawa zuwa damana, ina nisantar mashinsa, ina auna tsawon hannunsa da garkuwa, ina lura da ƙafarsa tunda ana shuri a dambe. Shi kuwa ya yi ta kawo manya-manyan naushi suna wucewa ta sama. A dambe hannu ɗaya ke bugu, saboda haka duk wanda ya kai naushi ya kuskure, jikinsa yakan bi hannun ya juya, kuma kafin ya dawo daidai akwai ɗan lokaci da fuskarsa take a buɗe. Wannan ɗan lokacin kaɗai sabon shiga yake da shi. A turmi na biyu na same shi sau ɗaya a nan, ya yi tangaɗi amma bai taɓa ƙasa ba. A na uku shi ma ya same ni a kunne har na ji ƙara kamar ta injin niƙa. Aka raba mu, turmi uku babu kisa. Kuɗin da aka liƙa mini bai kai na motar zuwa Kano ba, amma na fita da ƙafafuna, haƙorana cif. Ga mai damben farko, wannan nasara ce.

A yammacin nan akwai wani abokina da muka taso tare, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, buhun shinkafa shi kaɗai yake ɗora shi a ka. Da kalangu ya kama shi sai ya ruga da garkuwa a ƙasa, ko minti ɗaya ba a yi ba aka kwantar da shi. Ya tashi yana dariya, ya ce ba komai. Cikin dare ya fara amai, yana tambayar abu ɗaya sau biyar, sai a kan babur aka kai shi asibiti. Allah Ya kiyaye ya warke, amma aikin rani na shekarar bai yi shi ba, kuma gidansu da ƙarfinsa suka dogara.

Don haka, ɗan'uwa, ka riƙe wannan ko da ka manta sauran. In ka sha naushi a ka, ka ji jiri, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko amai, ko gani biyu-biyu, ko barci mai nauyi da ba ka saba ba, asibiti za ka nufa a daren, kada a jira gari ya waye. Kada ka koma fage sai likita ya yarda, don bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari. Masu ba ka tramadol ko wani haɗi wai don kada ka ji zafi kuwa, ka guje su. Zafin nan shi ne mai gaya maka lokacin tsayawa, kuma ƙwaya tana rage saurin idon da kake buƙata don ganin kafaɗa ta motsa.

Ina son dambe, gadonmu ne, kuma ina jin daɗin yadda duniya ta fara kallonsa. Sai dai mu ɗalibai da kai muke ci, iyayenmu sun sayar da hatsi da awaki don a zuba wani abu a cikinsa. Wanda zai shiga a kakar bana ya samu ubangida, ya zaɓi sa'ansa, ya ɗaga garkuwa, ya bar makaɗi ya yi kiɗansa. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya mai da mu gida lafiya.