Rijiya Ta Bayar, Kada Ki Zama Guga

 Yau hirar tamu a kan wata cuta ce da ba a zuwa asibiti dominta, amma ta kwantar da 'yan mata masu basira ba adadi, wato ƙuncin zuciya. Shi ne ki riƙa ganin kamar alherin duniya ɗan kaɗan ne, in wata ta samu ke kin rasa, don haka sai ki ɓoye abin da kika iya, ki kuma ji tsoron taɓa abin da ba ki iya ba.

Duk 'yar Daura ta san labarin rijiyar Kusugu tun tana goye. Kakanni sun ce a zamanin Daurama wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar, ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. To ki lura da kyau, ruwa bai taɓa ƙarewa a rijiyar ba, tsoro ne ya tsaya a bakinta har mutane suka saba da ƙishirwar kwana shida. Kowa Bayajidda yake yabo don shi ya sare kan macijin, ni kuwa tsohuwar nan Ayana ce take burge ni. Baƙo ya sauka gidanta da dare, ta gaya masa gaskiya cewa yau ba ranar ɗiba ba ce, amma da ya nemi guga ba ta hana shi ba. Da ta ce ai gugan nan ɗaya gare ni, ka ƙyale min abina, da wa ya san ranar da garin zai sha ruwa ya ƙoshi?

Ni a gidanmu na fara ganin irin wannan zuciya, wajen gwaggona. Ɗinkin hula take yi, kuma a unguwarmu babu mai hannunta. Kullum da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, 'yan matan maƙwabta su zagaye ta, tana nuna musu yadda ake zane da yadda ake jan zare, ko sisi ba ta karɓa. Wata rana abokiyar zamanta ta ce mata, "Yaya, anya ba kasuwarki kike kashewa ba? Gobe yaran nan su za su ƙwace miki masu saye." Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Haba ke kuwa, kawuna nawa ne a Daura? Ko na kwana ina ɗinki ai ba zan rufe su duka ba." Da Sallar Gani ta matso wani ɗan kasuwa ya zo yana neman huluna masu yawa cikin 'yan makonni, aikin da hannu ɗaya ba zai iya ba. Yaran nan da ta koya wa su suka fitar da ita kunya, kowacce ta samu na anko, shi kuma daga ranar bai sake zuwa ƙofar kowa ba sai tata.

Da na fara rubutu a bayan littafin lissafi ina aji uku na sakandare, wata malamarmu ta kama ni, ta karanta shafin farko a gaban aji da muryar ba'a, ta ce marubuta a Kano suke, ba a nan ba. Wallahi na ji zafin maganar har cikin ƙashina. Da na gaya wa gwaggo sai ta ce, "'Yar nan, su na Kanon da alƙalami aka haife su?" Washegari na ci gaba daga shafi na biyu.

Gaskiya gwaggo ta faɗa. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, lokacin da da wuya ki ga sunan mace a bangon littafin labari na Hausa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, duk da haka ta koma neman ilmi da girmanta, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a can ƙasar Indiya. A nan jiharmu ta Katsina ma ga Anti Bilki Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa. Babu wadda ta zauna jiran a ce mata bismillah. Su kuma 'yan ƙungiyar Raina Kama ta Kano, maimakon ƙyashin juna, sai suka riƙa tallata littattafan 'yan'uwansu a cikin nasu. Sun gane cewa wadda ta karanta littafi ɗaya ya yi mata daɗi, gobe na biyu za ta nema.

Ke kuwa ƙanwata, abin da ke hannunki ya fi nasu. Su sai sun tara kuɗin maɗaba'a, ke wayarki ta isa ki kai labarinki har Maraɗi da Damagaram. Tun 2016 BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata domin mata zalla. Makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya ta zo har cikin Daura a 2019. Me ya rage?

Na san abin da za ki ce: in na saki labarina a WhatsApp wata za ta kwafe ta sa sunanta. Ana yin haka, ba zan ɓoye miki ba. Don haka ki rubuta sunanki a kowane babi, ki adana rubutunki na asali da kwanan wata. Amma kada tsoron ɓarauniya ya sa ki kulle labarin a akwati har gara ta cinye. Ɓarauniya labari ɗaya za ta ɗauka, kan da ya ƙago shi yana wuyanki, kuma zai ƙago wani.

Kada kuma ki ɗauka ƙarfin hali shi ne rashin kunya ko ƙetare maganar iyaye. Ƙarfin hali shi ne ki durƙusa gaban Baba ki ce, "Baba, ina son in ci gaba da karatu," ko da muryarki tana rawa. In kin yi shiru zai zaci ba ki so, kuma da rashin tayi akan bar arha.

Ga abin da nake roƙonki kafin fitowa ta gaba. Ki ɗauki abu ɗaya da kika iya, lalle ne, kitso ne, girki ne ko lissafi, ki koya wa yarinya ɗaya kyauta. Ki yaba wa ƙawarki da ta fi ki a wani abu, a gabanta da bayan idonta. Sannan ki buɗe wancan littafin da kika ɓoye ƙarƙashin katifa, ki karanta wa mutum ɗaya shafin farko da bakinki.

Allah Ya yalwata mana zukata, Ya sa albarka a abin da hannuwanmu suka iya. Ku huta lafiya, sai mun sake haɗuwa.